Ciwon sukarin yara da matasa: ɓarnar da ke faruwa a watannin "lafiya lau"

A Damagaram idan aka ambaci ciwon sukari, hankalin mutane yakan tafi ne kan alhaji mai teɓa ko hajiyar da ta haura hamsin. Shi ya sa ranar da aka shaida wa uba cewa ɗansa mai shekara goma sha biyu na ɗauke da shi, abin da yakan fara cewa shi ne, "Likita, yaro ne fa, kuma kaf danginmu babu mai shi." Gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta hana komai. A ciwon manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, jiki yana yin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, amma ba ya amfana da shi yadda ya kamata, don haka ana iya shekaru ana lallaɓawa da ƙwayoyin haɗiya da kiyaye abinci. Na yara da matasa, nau'i na ɗaya, labarinsa daban ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta halaka ƙwayoyin da ke yin insulin a cikin pankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Shan alewa ba ya kawo shi, sakacin uwa ba ya kawo shi, kuma ba jifa ba ne. Da zarar ƙwayoyin nan sun ƙare, babu saiwa ko ƙwayar haɗiyar da za ta tsaya a madadin allura.

Kafin 1921 duk yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa. A shekarar ne Frederick Banting da Charles Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa ya tashi. Shekara ɗari bayan haka, wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2022 ya nuna cewa yaro ɗan shekara 10 da aka gano yana da ciwon a ƙasa mai arziki zai iya sa ran ƙarin shekara 65 a duniya, takwaransa kuwa a ƙasa matalauciya ƙarin shekara 13 ne kacal. Nijar tana cikin kashi na biyun. Maganin ɗaya ne, kwalbar ma sau da yawa daga kamfani ɗaya take fitowa.

Wani ɓangare na wannan tazara rashin insulin ne da rashin gano ciwon a kan kari. Amma akwai wani ɓangaren da ya rataya a kan yadda muke kallon ciwon. Mun ɗauke shi ciwon faɗuwa da tashi: yaro ya galabaita a kwashe shi zuwa Babban Asibitin Zinder, a sa masa ruwa, ya farfaɗo, a yi hamdala a dawo gida. Muddin yana zuwa lakkol yana buga ƙwallo a unguwa, in an tambayi uwar sai ta ce lafiya lau. Alhali ɓarnar da ke rufe idon matashi ko ta kashe masa ƙoda yana da shekara ashirin da ƴan kai, a waɗannan watanni na lafiya lau ɗin take faruwa.

Ga yadda abin yake. Mai lafiya idan ya auna sukarin jininsa da safe kafin ya karya, na'ura takan nuna tsakanin 70 da 100. A takardar labo ta nan ƙasar sukan rubuta shi da giram, wato 0,70 zuwa 1,00. Adadi ɗaya ne, rubutun ne ya bambanta. Ga yaron da ke kan insulin, abin da ake nema shi ne ya yi mafi yawan yininsa da darensa tsakanin 70 da 180. Idan ya wuce 180 ƙoda takan fara zubar da sukari cikin fitsari, sukarin ya ja ruwa ya bi shi, shi ne yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa. Matsalar ita ce jiki yana sabawa. Matashin da ke yawo da 220 ko 250 kullum babu abin da ke yi masa ciwo; in ya sha ruwa da yawa a ce zafin gari ne. A ciki kuwa rarar sukarin tana manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, bangon yana yin kauri yana kuma fara yoyo. Ƙwayoyin da suka fi shan wahala su ne na bayan ido da matatar ƙoda da jijiyoyin ji, domin su ba su iya rufe ƙofa idan sukari ya yi yawa, duk abin da ya zo shigewa yake. Aikin gara ne a jikin azara: daga waje soro tsaf, sai ranar da damina ta zo.

Tun da ji a jiki ba ya gaya mana komai, sai a koma ga gwaji. Awon yatsa yana faɗin abin da ke cikin jini a wannan minti ne kawai, kuma matasa sun san haka sarai. Wanda ya san ranar Litinin zai ga likita zai kiyaye tun daga Juma'a, ya zo da adadi mai kyau. Akwai gwajin da ba a yi masa wannan dabara, a takarda ana rubuta shi HbA1c. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, kuma a tsawon rayuwarsu sukari yana mannewa a jikinsu daidai da yawansa a jini. Idan aka auna kashi nawa cikin ɗari ya manne, an san yadda wata biyu zuwa uku da suka wuce suka kasance. Kashi 7 na nufin sukari yana zagaye 154, kashi 9 wajen 212, kashi 12 kuwa kusan 300 ne dare da rana. Ana so a yi shi duk wata uku, ana kuma so ya tsaya ƙasa da 7, ko 7 da rabi inda kayan awo suka yi ƙaranci. Amma a yi hattara da abu ɗaya da ya shafe mu: mai sikila, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya fasa wa jini, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, gwajin zai iya fitowa ƙasa da gaskiya, saboda ƙwayoyin jininsa ba su daɗe ba balle sukari ya taru a kansu. Dole likita ya san da wannan kafin ya yi murna da takardar.

An daɗe ana jayayya a kan ko matse sukari yana hana illar ido da ƙoda, ko kuwa ƙaddarar ciwon ce kawai. Binciken da ya yanke hukunci shi ne wanda ake kira DCCT, an yi shi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, da mutum 1,441 masu shekara 13 zuwa 39. Aka raba su gida biyu. Gida ɗaya suka ci gaba da allura ɗaya ko biyu a rana kamar yadda aka saba, HbA1c ɗinsu ya zauna wajen 9. Ɗaya gidan aka sa su allura uku ko fiye, ko famfon insulin (ƴar na'urar da ke ɗiga shi ƙarƙashin fata dare da rana), da awon yatsa sau huɗu a rana, nasu ya sauka wajen 7. Bayan kimanin shekara shida da rabi, a cikin waɗanda suka shiga da lafiyayyun idanu, haɗarin kamuwa da ciwon bayan ido ya ragu da kashi 76 cikin ɗari a gida na biyu. Waɗanda idonsu ya riga ya fara taɓuwa, ci gaban ɓarnar ya ragu da kashi 54. Farkon yoyon ƙoda ya ragu da kashi 39, ciwon jijiyoyin ji da kashi 60. A cikinsu akwai matasa 195 masu shekara 13 zuwa 17, su ma sun amfana, ko da yake nasu adadin bai sauka kamar na manya ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. Da aka gama binciken aka koya wa kowa sabuwar hanyar, bayan ƴan shekaru HbA1c na gidajen biyu ya zo ɗaya, wajen 8. Duk da haka waɗanda suka matse tun farko suka ci gaba da samun sauƙin ciwon ido da ƙoda shekara da shekaru, kuma a 2005 aka bayyana cewa ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ya ragu musu da kashi 42. Ma'ana, shekarun farko suna bin mutum. Matashin da ya ce zai kula idan ya girma ya yi hankali, zai tarar an riga an rubuta wani abu a jijiyoyinsa.

Na san mai karatu a Garin Malam ko Kara-Kara zai ce, wa ke da kuɗin awo huɗu a rana? Tambaya ce ta gaskiya, kuma binciken nan da kansa ya amsa ta. Babu wani layi da za a ce sai an kai shi sannan amfani ya fara. Duk lokacin da HbA1c ya ragu da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake, misali daga 11 zuwa wajen 10, haɗarin ci gaban ciwon ido yana raguwa da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Wanda ke can sama shi ya fi kowa cin ribar kowane taki da ya sauko. Don haka iyalin da ba za su kai 7 ba kada su ce an bar su a baya. A gefe guda kuma matsewar tana da nata farashin: waɗanda aka matse wa sukari sun ninka sauran kusan sau uku wajen faɗuwar sukari mai tsanani. A inda babu na'urar awo a aljihu, kuma asibiti na da nisa, likitan da ya ƙi kora yaro zuwa 6 da rabi ba ragwanci ya yi ba.

Me ya sa shekarun balaga suka fi wuya? Iyaye sukan ce taurin kai ne, wani lokacin kuma hakan ne. Amma jikin ma ya canza. Sinadaran girma suna rage ƙarfin aikin insulin, musamman da asuba, shi ya sa yarinyar da ba ta ci komai da dare ba za ta tashi da sukari a sama. Yaro kafin balaga yakan buƙaci tsakanin 0,7 da 1 na ma'aunin insulin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. A tsakiyar balaga yakan kai 1 da rabi, har ma ya wuce. Idan an bar shi a kan adadin da aka rubuta masa yana aji huɗu alhali ya ƙara kilo goma sha biyar, laifin ba nasa ba ne. Daga baya sai rayuwar samartaka ta ɗora nata: zaman fada da shayi zagaye uku, kowane kofi da sukarinsa, zoɓo mai sanyi, alkaki ranar biki, da kunyar ɗaga riga a yi allura a gaban abokai. Wasu ƴan mata kuma sukan gano cewa rage allura na sa su rame, su riƙa yi a ɓoye. Faɗa ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaron da ake zagi duk ranar da na'ura ta nuna 300 zai koyi rubuta 140 a littafi, likita kuma ya daidaita magani a kan ƙarya.

Ƙoda takan fara magana ne da murya ƙasa-ƙasa. Matatarta tana fara barin ɗan furotin mai suna albumin ya zube cikin fitsari, ɗan kaɗan ne da ido ba ya gani, gwajin fitsari na yau da kullum ma ba ya kama shi, sai an nemi gwajinsa takamaimai. A wannan mataki ana iya tsayar da shi, har ma ya koma baya, idan sukari ya daidaita, aka duba hawan jini, aka kuma ba da maganin da ke kare ƙoda. Ranar da fitsari ya fara kumfa, ƙafafu da fuska suka kumbura, an yi nisa, ƙarshen hanyar kuma wankin ƙoda ne sau biyu ko uku a mako. Ido ma haka. Ɗigon jini da ƴan kumburin jijiyoyi a bayan ido ba su rage gani ko kaɗan da farko. Sai likitan ido ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa sannan a gan su. Dishi-dishin da ke zuwa ya tafi idan sukari ya hau ya sauka wani abu ne daban, ba shi ne abin tsoron ba. Akwai kuma yanar ido da kan zo wa matashin da sukarinsa ya daɗe a sama. Jijiyoyin ji sukan fara daga yatsun ƙafa, zafi-zafi da dare ko mutuwar ji, har ƙaya ta shiga mutum bai sani ba.

Biyu daga cikin alamun ana iya ganin su a gida. Na farko tsayi: yaron da ƙannensa suka kamo shi, balaga ta yi jinkiri, ciki ya yi girma saboda hanta ta cika da sukarin ajiya. Wani likitan Faransa, Pierre Mauriac, ya siffanta wannan tun 1930. A Turai ya zama abin da da wuya a gani, amma inda insulin ba ya isa har yau ana cin karo da shi. Na biyu hannu: a ce yaro ya haɗa tafukansa biyu yatsa a kan yatsa, idan sun ƙi haɗuwa, akwai rata a tsakani, alama ce sukari ya daɗe yana aiki a jiki, kuma ya kamata a duba ido da ƙoda.

Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ciwon sukarin yara ta duniya ta shimfiɗa mai sauƙin riƙewa ce: daga shekara 11, ko farkon balaga, idan ciwon ya kai shekara biyu zuwa biyar, a auna albumin na fitsari a duba ƙafa kowace shekara, a duba bayan ido lokaci-lokaci ko da gani garau yake, a auna hawan jini a kowace ziyara. Idan ba a rubuta ba, uba yana da damar tambaya. Gaskiya ne kulawar kyauta da gwamnati ta kafa tun 2006 ta tsaya ne ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, mafi yawan masu wannan ciwo kuwa sun wuce nan, ga kuɗin mota ga wanda zai taso daga Tanut ko Gure ko Magarya. Amma kuɗin gwajin fitsari sau ɗaya a shekara ko kusa bai kai na kwanciya ɗaya a asibiti ba.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yana da nasa hannu a cikin adadin da ke ƙin sauka. Kwalbar insulin ɗin da ba a buɗe ba tana son sanyin firigo tsakanin digiri 2 da 8, ba wajen ƙanƙara ba, domin daskarewa na kashe ta. Wadda ake amfani da ita takan yi mako huɗu a waje. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun gwada haka da irin zafin sansanin Dagahaley na Kenya, mai hawa da sauka tsakanin 25 da 37, suka wallafa a 2021 cewa insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗun. Namu zafin ya wuce haka, saboda haka ɗakin kwano da rana da akwatin kabu-kabu ba wurin ajiya ba ne. Inda babu wuta, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, tana aiki sosai a busasshiyar iska irin tamu. A sa kwalbar cikin ɗan gwangwani mai murfi, kada ta jiƙa cikin ruwa. A kuma duba sirinji. Akwai insulin mai lamba 100 da mai lamba 40, lambar tana nuna ƙarfinsa ne, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya ɗebi mai 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Wurin allura ma a riƙa sauyawa, domin ƙullutun da ke fitowa inda ake yawan sokawa ba ya zafi, yara suna sonsa, amma magani ba ya shiga jini daidai daga cikinsa.

Mafi yawan yaranmu suna kan gaurayayyen insulin ne, wato mai saurin aiki da mai jinkirin aiki a haɗe, safe da yamma. Da babu gara ba daɗi, amma shi wannan tsari yana neman abinci a kan lokaci, domin na safe yana kai ƙarfinsa wajen tsakar rana ko an ci ko ba a ci ba. Idan tuwo ya yi jinkiri, ko aka yi wasan ƙwallo mai tsawo, sai rawar jiki da gumi da ruɗewa: sukari ya faɗi ƙasa da 70. Maganin ƙwayar sukari uku ne ko rabin kofin lemo, a jira minti 15 a sake aunawa, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe, a goga masa zuma ko sukari a cikin kumatu, a nufi asibiti. Uwar da ta taɓa ganin haka da tsakar dare takan ƙara wa yaro fura mai sukari kafin barci, ko ta rage allura ba ta gaya wa kowa ba. Ba na ganin laifinta. Sai dai likita ya kamata ya ji, domin akwai yadda za a gyara adadin dare ba tare da an bar yaro a 250 har shekara ba.

Akwai wani tarko da ke cin iyalai da yawa a shekarar farko. Bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin pankiriyas sukan ɗan farfaɗo na wasu makonni ko watanni, buƙatar insulin ta ragu ƙwarai. Idan a daidai lokacin ne kawu ya kawo jiƙo daga ƙauye, sai a ce, "Ai maganin Malam ya ci, ya warke." A ajiye allura. Bayan ɗan lokaci ƙwayoyin su ƙarasa mutuwa, yaro ya dawo a kwance. Addu'a da allura ba su taɓa yin faɗa ba, a haɗa su.

Tarko na biyu yana zuwa da damina. Yaro ya kama zazzaɓi, ba ya cin abinci, uwa ta ga ba dalilin allura tun da ciki babu komai. Alhali a lokacin rashin lafiya buƙatar insulin ƙaruwa take yi. In babu shi jiki yakan koma ƙona kitse, guba mai suna keton ta taru, jini ya yi tsami: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki yana warin ɗan itacen da ya nuna ya wuce. Wannan ne ke kashe yaranmu tun kafin ido da ƙoda su samu lokacin lalacewa, kuma yana kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har gwajin zazzaɓin zai iya nuna akwai, a bi shi a manta da sukari. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya raba gardama.

Batun azumi ba ya buƙatar dogon bayani. Aya ta 184 da 185 cikin Suratul Baƙara sun yi rangwame ga marar lafiya, likitoci kuma sun sa matashi mai nau'i na ɗaya wanda sukarinsa bai daidaita ba cikin waɗanda azumi ke da babban haɗari a kansu. Wanda ya dage sai ya yi, ya ga likita tun kafin watan ya kama, ya kuma yarda zai karya idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300.

Ƴan mata suna da ƙarin nauyi, domin a nan aure na zuwa da wuri, kuma gidaje da yawa suna ɓoye ciwon don kada manema su gudu. Amarya ta tare da kwalbarta a ƙasan akwati, tana allura a ɓoye idan ta samu dama. Ciki kuwa ba ya jira. Zuciya da ƙashin bayan ɗan tayi suna ginuwa ne a makonni takwas na farko, sau da yawa kafin ta ma san tana da shi, kuma sukari mai yawa a wannan lokaci yana ƙara haɗarin ɓari da nakasar jariri. Cikin kansa yana iya hanzarta ciwon bayan ido da na ƙodar da suka riga suka fara, wasu magungunan kare ƙoda kuma ba a shan su da juna biyu. Macen da ta daidaita sukarinta kafin ta ɗauki ciki tana iya haihuwa lafiya, amma hakan na buƙatar miji da uwar miji su sani, a kuma je wurin likita da takardar HbA1c tun kafin a sa rana.